Kwakwar Attagara a Ƙofar Jibiya

Wanda ya taɓa tsayawa a Magama, watau ƙofar kan iyaka da ke gab da garin Jibiya, ya ga irin kayan da manyan motoci ke ɗauka su nufi Ɗan Isa da Maraɗi. Ga masara, ga doya da garin rogo, ga goro huhu-huhu, jefi-jefi kuma sai ka hangi buhunan kwakwa a cikinsu. Kwakwar nan kuwa ba amfanin gonar ƙasar Katsina ba ce, balle ta Maraɗi. Ita 'yar bakin teku ce, mai son rairayi da laima. Wadda muke ci a nan Arewa daga Kurmi take zuwa, galibi daga wajen Badagiri a yammacin Ikko, waɗansu kuma daga Gana. Kafin buhu guda ya iso Jibiya ya yi tafiyar da ta wuce mil 700.

Ko sunanta ma ya nuna baƙuwa ce. Kakanninmu sun san kwakwar manja tun da daɗewa, don haka da wannan babbar ta zo musu sai suka kira ta kwakwar Attagara. Attagara kuwa shi ne sunan da Hausawa suka ba Ida, garin Attan Igala a bakin Kwara. Ba lalle a can take tsirowa ba, amma ta wannan fuska fatake suka san ta, sai sunan ya bi ta.

Abin da za mu duba a nan shi ne yadda aka yi har kayan abinci irin wannan suka zama ba sa ƙetare iyaka, bisa doka, sai an duba lafiyarsu an ba su takarda. Al'amarin bai daɗe ba, kuma ba da kwakwa ya fara ba.

A zamanin dā ba wata iyaka a Jibiya irin ta yau. Abin da ke akwai shi ne gaba. Da masu jihadi suka ci Birnin Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, zuriyarsu ta kafa Maraɗi wajen 1819. Tun daga nan dajin da ke tsakanin garuruwan biyu ya zama fagen hari, ayari ba ya ratsa shi sai da shiri. In ayari ya iso ƙofar birni, abin da ake tambayar madugu shi ne jakai nawa, raƙuma nawa, me suka ɗauko, don a yanka masa kuɗin da zai biya. Baturen nan na Jamus, Dokta Barth, wanda ya yi yawo a ƙasarmu da sunan Abdulkarim, ya iso Katsina a farkon 1851, Sarki Muhammadu Bello ya tsare shi kwana da kwanaki a kan batun gaisuwa. Ba wanda ya ce masa ya buɗe guzurinsa a ga ko ya lalace.

Amma kada a ɗauka mutanen dā ba su san duba kaya ba. Sun sani sarai, sai dai a kasuwa ake yi, ba a ƙofa ba. Sarkin fawa shi ke da alhakin naman da aka yanka, korama tana kan hatsi da mudu, dillali kuwa in ya sayar wa baƙo da kayan algus, sunansa ne ya ɓaci, da na fatoman da ya sauki baƙon. Fataken Gwanja su ne gwanayen wannan aiki. Goro abu ne mai saurin fushi. A kan hanya sai a riƙa kwance huhu, a tsince wanda sankara ta kama, a canja ganye, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa, wata da watanni ana haka har a iso Kano. Ba hukuma ce ta sa su ba, asara ce ta koya musu. Mai saye kuma yana nan tsaye, idonsa da hancinsa da harshensa su ne alƙalai.

Turawa ne suka ja layi. Ingila da Faransa suka yi ta ƙulla yarjejeniya suna kwancewa, a 1890, da 1898, da 1904, da 1906, kafin su daidaita. Daga 1906 zuwa 1908 Manjo O'Shee na Ingilishi da Kyaftin Tilho na Faransai suka bi daji suna kafa alamu tun daga Kwara har Tafkin Chadi. Jibiya ta faɗo hannun Ingilishi, Maraɗi ta faɗa hannun Faransai. Aka zaunar da 'yan kwastan, amma su ma tambayarsu ba ta wuce ta sarakunan dā ba: me ka ɗauko, nawa za ka biya.

Gyaɗa ce ta sake al'amarin. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, kuma tun daga kakar 1912 kamfanonin Turawa suka shiga sayen gyaɗa ba ji ba gani. Manoma suka ga kuɗi, suka dage. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata, wanda dā fataucin goro yake yi a Kumasi, suka zama manyan wakilan saye, har aka riƙa jera buhuna ana yin dalar gyaɗa a Kano. Ƙasar Maraɗi ma ta shiga noman, kuma da yake ba ta da teku ba ta da reluwe, gyaɗarta da yawa ta nan take biyowa, ta ratsa iyaka ta shiga jirgin Kano zuwa Ikko. Sai a shekarun 1950 Faransai suka shirya wata dabara ta karkatar da ita zuwa Kwatano ta ƙasar Dahomai.

To, a nan ne wani sabon abu ya shigo. Mai sayen gyaɗar nan yana Libaful ko Marsai, bai taɓa ganin manomin ba, ba zai kuma taɓa ganinsa ba. Da mutane suka gane haka, sai waɗanda ba su da tsoron Allah suka shiga zuba yashi da tsakuwa a gindin buhu, waɗansu su jiƙa gyaɗa don ta yi nauyi a kan sikeli. Dillalin da ke tsoron ɓacin suna a kasuwar garinsu ba ya jin wannan tsoro game da mutumin da ke bayan teku. Saboda haka Gwamnati ta sa ma'aikatan duba amfanin gona. Malamin duba gyaɗa yakan soka ƙarfe a buhu ya zaro samfur, ya tankaɗe, ya auna datti, in ta yi sai ya buga hatimi, in ba ta yi ba a mayar a sake gyarawa. Idonsa ya tsaya a madadin idon mai saye.

Da aka kafa Hukumar Cinikin Gyaɗa a 1949, wadda Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa ta gāda a 1954, sai aka ƙara wani mataki. An lura gyaɗar da aka ɓare a turmi takan farfashe, farfasasshiyar kuwa manta yakan yi saurin lalacewa a ajiya. Sai aka fito da daraja ta musamman, aka ce wanda ya kawo ƙwaya lafiyayya za a biya shi fiye. Cikin 'yan shekaru kaɗan injin ɓarar gyaɗa na hannu ya bazu ƙauye-ƙauye, turmi ya koma ga dakansa. A ganina wannan shi ne mafi kyawun abin da aka taɓa yi a wannan fanni a ƙasarmu, domin ba a kai kowa gaban alƙali ba, manomi ne ya ga bambancin a aljihunsa.

Duk wannan duba na ido ne. A 1960 aka gane akwai abin da ido ba ya gani. A shekarar nan talotalo fiye da 100,000 suka mutu a gonakin Ingila, likitocin dabbobi suka rasa kan ciwon. Da aka bi sawu sai aka tarar duk sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga ƙasar Barazil. Aka ci gaba da bincike har aka gano wata irin fumfuna ce ke kama gyaɗa ta zuba mata dafi, aka raɗa wa dafin suna aflatoksin. Ba shi da wari, dahuwa ba ta kashe shi, hanta yake ci. In ya yi yawa ya kashe nan take, kamar yadda ya kashe mutum 125 a Kenya a 2004 ta hanyar masara. In kuwa kaɗan-kaɗan ne, sai ya taru a kwana a tashi ya jawo ciwon daji na hanta.

Labarin ya girgiza Jihar Arewa, gama a lokacin gyaɗa ce uwar arziki. Masanan aikin gona na Samaru suka duƙufa a kai a shekarun 1960, abin da suka samu kuwa ba wani boyayyen sirri ba ne. Gyaɗar da gara ta huda tun tana ƙasa, da wadda aka bari ta wuce lokacin cira, da wadda aka tara jiƙe ba ta bushe da sauri ba, su ne fumfunar ta fi kamawa. Watau ɓarnar a gona da wurin shanya take faruwa. Kafin buhu ya iso gaban mai dubawa, abin da zai faru ya riga ya faru. Iyakarsa ya ce a karɓa ko a ƙi. Daga baya fari na farkon shekarun 1970 da cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 suka rushe dalar Kano, aka kuma soke hukumomin ciniki a 1986, amma wannan darasi bai tsufa ba.

Yanzu mu koma ga kwakwarmu, don ita ma tana da nata tarihin, kuma ta fuska biyu ne.

Fuska ta farko ita ce lafiyar mai ci. Kwakwa muddin ƙoƙonta bai tsage ba, a rufe take ruf, Allah ya yi mata mazubin da ya fi gwangwani. Haɗarin yana farawa ne daga sa'ad da aka fasa ta. A 1953 zazzaɓin taifot ya ɓulla a Ostareliya, aka bi shi har zuwa busasshiyar kwakwa gogaggiya da aka kawo daga Papuwa. Wajen 1960 kuma likitocin Ingila suka sami ƙwayoyin cutar ciki a irin wannan kwakwa da ake kawowa daga tsibirin Silon, wanda yanzu ake kira Siri Lanka, sai da aka tilasta wa masana'antun can su gyara aikinsu. A 1991 ma waɗansu mutane a Amurka sun kamu da kwalara bayan sun sha madarar kwakwa daskararriya da aka kawo daga Tailan. A duk waɗannan ba kwakwar ce ke da laifi ba. Ruwan da aka wanke ta da shi ne, da hannun da ya taɓa ta, da daɓen da aka zube ta. Wanda ya ga yadda ake yanka kwakwa a tasha a jiƙa ta cikin roba, ruwa guda tun safe har la'asar, ya san ba sai an je Papuwa ba. Busasshen naman kwakwa da ake matse mai da shi kuwa, in an shanya shi cikin laima, fumfunar nan ta gyaɗa ba ta ƙyale shi.

Fuska ta biyu ita ce lafiyar itacen kanta, kuma ita ce mutanenmu ba su cika ganewa ba. Kwakwa ɗanya iri ce, in ka ajiye ta a laima sai ta tsira. Abin da ke da rai kuwa yana iya ɗaukar cuta da ƙwari daga wata ƙasa zuwa wata. Akwai wata cuta mai sa ganyen kwakwa ya yi rawaya, 'ya'ya su zube, kai ya ruɓe ya faɗi, a bar kututture tsaye kamar turken waya. An fara rubuta labarinta a ƙasar Oka ta Gabashin Nijeriya wajen 1917, ta bayyana a gaɓar Keta ta Gana a 1932, ta kuma yi ɓarna a Togo da Kamaru. Har yau ba ta da magani mai warkarwa, sai sarewa da dasa irin da ke jure mata. Ga kuma ƙananan ƙwari da ke ɓuya a ƙarƙashin hular kwakwa da cikin ɓawonta mai zare-zare. Shi ya sa ƙasashe da yawa ba sa karɓar kwakwa sai an feɗe wannan ɓawo, ba ƙasa a jikinta, ba tsiro.

Mai karatu zai ce, to ina ruwan Nijar da cutar itacen da ba ta nomawa? Tambaya ce mai kyau. Amsar ita ce ba kwakwar kaɗai ke tafiya ba. Buhun yana tafe, da turɓayar da ta manne masa, da abin da ya shige ciki ya kwanta. Nijar kuma tana da dabino, wanda shi da kwakwa dangi ne, akwai ƙwarin da ke cin su duka biyu.

Waɗannan fuskoki biyu su ne suka haifi takardun da ake nema a yau. A 1951 aka ƙulla yarjejeniyar kāre tsirrai ta duniya a birnin Rum, wadda ta kawo takardar shaidar lafiyar tsiro: ƙasar da kaya suka fito ita ke dubawa ta sa hannu, ƙasar da za su shiga ta karɓa ko ta sake dubawa. A 1963 Hukumar Abinci da Hukumar Lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka haɗu suka kafa kwamitin da ke tsara ƙa'idodin tsabtar abinci da iyakar maganin ƙwari da aka yarda ya saura a jikinsa. A 1995 kuma, da aka kafa Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, aka amince kowace ƙasa tana da ikon ƙin kayan wata saboda lafiya, in dai tana da hujja ta ilmi. A nan gida, NAFDAC da aka kafa a 1993 ita ke kula da abincin da aka sarrafa, kamar man kwakwa da madararta da alewarta. Ɗanyen amfanin gona kuwa yana hannun hukumar killace kayan gona, NAQS, wadda aka sa hannu a dokarta a 2018. Ita ke ba da takardar lafiyar tsiro, ma'aikatanta kuma suna zaune a tashoshin jiragen ruwa da na sama da manyan ƙofofin kan iyaka. A wancan ƙetaren ma Nijar tana da nata masu duba tsirrai.

Abin da mai dubawa ke nema a buhun kwakwa ba ya wuce abin da tsohon ɗan kasuwa ya sani. Zai ɗaga ta ya ji nauyi, ya girgiza ya ji motsin ruwa. Zai dubi idanunta uku, musamman mai taushin, ko ya jiƙe, ko ya yi fumfuna, ko tsiro ya fara lekowa. Zai nemi tsaga a ƙoƙo, domin wadda ta tsage a Badagiri kafin ta yi kwana huɗu a cikin zafin mota ta yi tsami, ruwanta ya zubo ya jiƙa na kusa da ita. Zai kuma tambayi abin da buhun ya taɓa ɗauka. Wannan ta ƙarshe ita ce ta fi kama mutane, gama buhun taki da na maganin feshi araha gare su, motar da ta sauke man fetur ko awaki jiya kuma ita ce za ta yi lodin abinci yau.

In ana son a ga abin da sakaci ke jawowa, a dubi wake. Wake yana cikin manyan abubuwan da aka saba shigowa da su ta Jibiya daga Nijar, ya haɗu da namu a kasuwar Dawanau ta Kano. Ƙwari suna cinsa a ajiya, sai waɗansu 'yan kasuwa suka ɗauki al'adar yayyafa masa fiya-fiya, maganin da aka yi don sauro da kyankyaso. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya. Iyakar da suka yarda da ita ta wannan magani ita ce miligiram 0.01 a kilo guda, amma an sami buhunan da suka kai 4.6, watau ninki 460. A 2016 aka ƙara wa'adin hanin da shekara uku, daga baya aka sake ƙarawa. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, in ji masu iya magana, ga shi kuwa ya tabbata a zahiri: wanda bai taɓa zuba magani ba shi ma ƙofar ta rufe masa. Abin takaici kuma, waken da Bature ya ƙi mu ne muka ci shi. Maganin abin kuwa yana nan kusa, buhun nan mai riɓi uku da ke shaƙe ƙwaro ba tare da guba ba, wanda aka fara yaɗawa a 2007, masanan aikin gona na Maraɗi suna cikin waɗanda suka gwada shi.

Sauran abu guda da ya kamata a faɗa, ko da ba shi da daɗin ji. Duk wannan tsari yana aiki ne in kaya sun bi ta ƙofa. Ƙofar Jibiya kuwa an sha rufe ta. An rufe daga Afrilu 1984 zuwa Maris 1986, a daidai lokacin da yunwa ke cin mutanen Nijar. An rufe daga Agusta 2019 zuwa Afrilu 2022 saboda fasa-ƙwaurin shinkafa. An sake rufewa bayan juyin mulkin Yamai na Yuli 2023, sai a Maris 2024 aka buɗe. A Janairu 2025 kuma Nijar ta fita daga ECOWAS, ƙungiyar da tun 1975 ake ƙoƙarin sauƙaƙa ciniki a ƙarƙashinta. Kowane rufi yana da dalilinsa, ba shi muke shari'a ba a nan. Amma mutanen da harshensu ɗaya, auratayya ta haɗa su, ba sa daina ciniki don an sa sanda a kan titi. Kayan sai su bar kwalta su shiga daji, a kan babura da jakai da amalanke, a sauke nan a ɓoye can, kwakwar da za ta kwana ɗaya ta yi mako a rana. Hanyar da aka koya a lokacin rufi kuwa ba a mantawa da ita bayan an buɗe, balle in bin ƙofa yana nufin tsayawa a shinge bayan shinge.

A Fabrairu 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wadda aka tsara ta ratsa Katsina da Jibiya. Tun zamanin gyaɗa mutanen Maraɗi ke kai kaya Kano don su sami jirgi. Wannan karon jirgin ne zai je musu. Kayan da ke cikin tarago a wuri guda suke tsayawa, a kan idon kwastan da masu duba lafiyar tsiro, ba kamar na babur ba. Kafin nan dai, kwakwar da ta bi ta daji ba ta da mai dubawa sai mai tebur na kasuwar Maraɗi, wanda zai kwance buhu ya riƙa ɗaukarta ɗaya-ɗaya yana girgizawa a kunnensa, yana ware waɗanda suka yi shiru gefe guda.